Amsa ga ƙanena kan kalmar "tow"

Ƙanena, na ga saƙonka cewa kana shirin zuwa karatu Manchester, kuma kana bitar littafin dokokin hanya na Birtaniya sai ka yi ta cin karo da kalmar "tow", har kake tambaya ko daidai take da "pull".

Ba daidai suke ba. "Pull" ja ne kowane iri, ko na ƙofa ko na guga daga rijiya, amma "tow" jan abin hawa ne a baya da igiya, sarƙa ko ƙarfe, wato aikin da janwe ke yi wa motar da ta mutu a hanya. Furucinta ɗaya da "toe", yatsan ƙafa, kuma yana kusa da "to" ɗinmu idan ka ɗan ja shi.

Asalinta tsohon Turanci ne, "togian", ma'ana ja, kuma tushenta ɗaya da "tug", wato ja da ƙarfi, da kalmar Jamusanci "Zug", wadda ake kiran jirgin ƙasa da ita. Masana harshe suna danganta su duka da "ducere" ta Latin, wato jagoranci, inda "duke", sunan wata sarautar Turawa, ya samo asali. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin mu ma daga ja muka samu jagora.

Kalmar ta daɗe a bakin ruwa kafin ta hau kwalta. Idan Allah ya kawo ka, zan kai ka magudanar Bridgewater, wata hanyar ruwa da aka haƙa wa jirage, wadda aka buɗe a 1761 domin kawo kwal daga Worsley zuwa Manchester. Ƴar hanyar da ke gefenta, inda yanzu mutane ke yawo da kekuna, sunanta "towpath", saboda a kanta dawakai suke tafiya suna jan jiragen kaya. Janwe kuwa sai a 1916 Ernest Holmes ya ƙera shi a Chattanooga ta Amurka.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne inda kalmar ke shafar aljihunka. Idan ka ga "tow away" a allo, gargaɗi ne cewa hukuma za ta iya ɗauke motar da aka ajiye a wurin, kuma ba za a sake ta ba sai an biya tara da kuɗin ɗauka. Haka kuma mai ƙaramar mota da ke jan tirela a baya ba zai wuce mil 60 a awa a babbar hanya ("motorway") ba, alhali sauran ƙananan motoci an yarje musu 70.