Fitilar ado a sifikar injin pinball: kada ka ja wuta daga allon injin

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka samu injin pinball, wato injin wasan da ake buga ƙaramar ƙwallon ƙarfe a ƙarƙashin gilashi, na gwanjo daga Amurka don shagon wasanka a Barnawa, kana son kewaye sifikokin sama da fitilu masu canza launi, kuma wani mai gyara ya ce a datsi wayar volt 12 da ke allon injin, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi, a haɗa kawai. Na ɗan jima ina wannan aiki a kan injina biyu da ke hannuna, kuma shawarata ita ce kada ka bari a taɓa wayar nan.

Ni ma haka na fara. Injin farko da na yi wa kwalliya ƙirar Williams ne, cikin waɗanda suka fito tsakanin 1990 da 1999, shekarar da kamfanin ya daina ƙera su. Na jona fitilar a layin volt 12 na allon, ta kama raɗau, har yara suka taru suna kallo. Kafin sati ya zagayo sai wani ƙugi ya shiga sifikar, "zzzz", yana tashi yana sauka duk lokacin da launi ya juya. Daga baya fis ya ƙone ana tsakiyar wasa. Dalilin a fili yake: an auna layin nan ne daidai nauyin injin, ga shi kayan cikin allon sun tsufa. Igiyar fitilun LED irin wadda ake kira 5050, mai ƙwaya 60 a kowace mita, tana iya jan amfiya 1.2 a mita guda idan ta haska fari. Kaya ne aka ɗora wa tsohon jaki bayan an riga an yi masa lodi. Allon nan kuwa ba ka samunsa a kasuwar Sheikh Gumi, sai dai a yi maka odarsa daga waje da dala.

Idan naka sabo ne ƙirar kamfanin Stern, mai tsarin lantarkin da suke kira SPIKE, to abin ya fi haɗari, don volt 48 ne ke yawo a ciki, kuskuren waya ɗaya ya isa ya cinye maka ƙaramin allo.

Abin da nake yi yanzu shi ne in sayi adafta daban mai volt 12, amfiya 2. Mita ɗaya ta igiya kan wadatar da sifika biyu, ka ga akwai rara. Karanta jikin adaftar, ka tabbatar an rubuta 100 zuwa 240V, saboda injin Amurka a kan 110 zuwa 120 yake zuwa, mu kuma 230 muke da ita. A injin Williams, cikin akwatin ƙasa akwai soket da aka tanada don masu gyara, can nake soka ta. Sai dai ka sani, soket ɗin nan yana da wuta ko an kashe makunnin injin, muddin filogi na bango. Don haka ko ka riƙa kashe fitilar da rimot, ko ka sa mata makunni nata. Kuma a bi da komai ta sitabilaiza, musamman lokacin da ake juyawa daga NEPA zuwa janareta.

Kafin ka buɗe akwatin sama na injin, zare filogi, ka ba shi 'yan mintuna. Tsofaffin allunan nuna maki masu ɗigon haske ruwan lemo suna aiki da wutar da ta haura volt 100, kuma dab da sifikar suke. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka kwance ko sukuru ɗaya.

Bayan ragar sifika sau da yawa za ka tarar da baƙin soso ko ƙyalle. In ka bar shi, haske ba zai fito ba, dole a cire. Amma fa shi ne yake tare ƙura, kuma ka san hunturunmu. Na maye gurbinsa da siririn farin yadi irin na gidan sauro. Haske na ratsawa, har ma ya fi laushi a ido, ƙura kuma ba ta zama a takardar sifikar.

Wurin da na fi shan wahala shi ne manne igiyar. Gam ɗin da ke bayanta ba ya jure zafin Maris da Afrilu a Kaduna, ballantana cikin rufaffen akwati. Wata rana na buɗe na iske ta saki, ta kwanto a kan takardar sifika tana karkarwa tare da sauti. Sai na je Panteka aka yanka mini zobba biyu na siririn alminiyon daidai bakin sifikar, na goge su da sifirit, na manna igiyar a cikin zoben, na ƙara ɗaure ta da maɗaurin roba a wuri huɗu. Alminiyon yana shan zafin ƙwayoyin, tun daga nan ba ta sake motsi ba. Ka juya fuskar fitilun ciki, su haska sifikar, kada su doki idon mai wasa. Yanka kuma sai a kan layin tagulla da ke bayan kowace ƙwaya uku, ka liƙe wayoyi huɗu na igiyar da dalma, ka rufe.

Maganar ƙugi, ka raba hanyar wayar fitila da ta sauti, kada ka ɗaure su a dami ɗaya, ka kuma nesanta ƙaramin akwatin da ke juya launi daga sifikar. Idonsa mai karɓar rimot sai ka leƙo da shi ta gefen raga.

Launi mai walƙiya ban ba ka shawararsa ba, yana ɗauke hankalin mai bin ƙwallo. Nawa a shuɗi mai sanyi yake tsaye, na rage haskensa zuwa rabi. Turo mana hoton lambar da ke manne a bayan injin da kuma cikin akwatin sama, in nuna maka inda za ka bi da wayar.