Amsa: Rosh Hashana a gida, ba tare da addu'o'i ba

'Yar'uwa, tambayarki ita ce ko maƙwabciyarki Bayahudiya da ba ta zuwa wurin ibada za ta iya bikin sabuwar shekararsu, wato Rosh Hashana, a gida, babu addu'a. Ƙwarai kuwa, kuma ba ita ta fara ba. Tun 1963 wani malaminsu, Sherwin Wine, ya kafa jama'a a kusa da Detroit ta Amurka, waɗanda suka ɗauki Yahudanci a matsayin al'ada da tarihin kakanni, suna bukukuwan ba tare da addu'o'in gargajiya ba. Bikin kan faɗo a Satumba ko farkon Oktoba, yana farawa da faɗuwar rana. Abin da ake buƙata kaɗan ne: kyandir, burodi mai zagaye, rumman, da yankakken tuffa da ake tsomawa cikin zuma don fatan shekara mai daɗi.

Na taɓa cin irin wannan abincin dare a gidan wata abokiyar aiki. A inda masu ibada ke karanta addu'a, sai uwargida ta ce kowa ya faɗi wanda ya ɓata wa rai a bana da yadda zai nemi gafararsa. Ɗanta ya yi ta juya cokali kafin ya kira sunan ƙanwarsa, teburin ya yi tsit. Sharaɗi ɗaya dai: in maƙwabciyarki za ta gayyaci dattijon da ke riƙe da addini, ta sanar da shi tsarin tun da wuri, kuma kada ta haɗa nama da madara a girki, don ba zai ci ba.