Girman ƙyallen iska ga kwalekwalen shaƙatawa a ruwan Yawuri

Ɗan'uwa, ka tambaya wane girman ƙyallen iska (wanda iska ke bugawa ta tura jirgi) za ka ɗaura wa kwalekwalenka mai tsawon mita 5, kuma da igiya nawa. Don Allah ka fara da ƙarami. Siririn kwalekwale irin namu, murabba'in mita 3 zuwa 4 ya ishe shi. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take danna ƙyallen ninkawa yake sau huɗu, shi ya sa wanda ya yi maka daidai da hantsin hunturu zai iya kifar da kai in hadarin damina ya taso.

Sandar da za ta riƙe ƙyallen ta zama gajera, ka kafa ta wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon jirgin, daga goshinsa. Igiya biyu sun wadatar: ta ɗagawa da ta sarrafawa. Ta sarrafawar nan kada ka ƙulle ta ko kusa, riƙe ta a hannu, iska na bugowa ka saki.

Ka saƙala faffaɗan katako a gefe ya nutse cikin ruwa, in ba haka ba jirgin zai riƙa zamewa a kaikaice. Amma ka yi shi mai ɗaguwa, saboda kututturan da tafkin Kainji ya shanye tun 1968. Rigar kariya daga nutsewa kuwa, a jikinka tun daga gaɓa.