Zana falakin duniya a waya: siffar ba wuya, tafiyar ce aiki

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise a nan Damagaram. Na saka manhajar lissafi ta GeoGebra a wayata don in zana hanyar da duniya ke bi wajen zagaya rana. Na rubuta x = a cos(t) da y = b sin(t) da lambobin littafi, sai da'ira ta fito sak, alhali an ce mana elips ce, wato da'ira mai miƙewa kamar ƙwai. Ɗigon da na sa kuma gudunsa bai canjawa. Wayar ce ko ni ne?

Amsa: Ƙanena, wayarka lafiyarta ƙalau. Falakin duniya dama kusan da'ira ne. Lambar da ke nuna miƙewarsa 0.0167 ce kacal, don haka b (rabin faɗin falakin) ya kai kashi 99.98 cikin 100 na a (rabin tsawonsa), ido ba ya ganin wannan bambanci. Hotunan littafi ne ke ƙara gishiri don a gane. In kuwa ka ga ya miƙe sosai, to yatsanka ne ya ja layi ɗaya lokacin da kake buɗe hoton, sai ka mayar da ma'aunin x da y zuwa 1:1.

Gyaran farko shi ne wurin rana. Ba a tsakiya take ba, ta goce gefe da kimanin kilomita miliyan 2.5. Ka ba lambar miƙewa suna k (kada ka ce e, manhajojin nan sun riga sun san e a matsayin 2.718), ka sa b = a·sqrt(1 − k²), sannan ka rubuta:

Courbe(a(cos(t) − k), b sin(t), t, 0, 2π)

In manhajarka da Ingilishi take, Curve za ka rubuta. Yanzu rana na kan (0,0). Ka yi wa k kursar, wato sandar nan da ake ja da yatsa, ka kai ta 0.093 ka ga Mars, ka kai 0.206 ka ga Mercury, sannan 0.967 ka ga tauraro mai wutsiya na Halley, wanda ya ziyarce mu a 1986, ana kuma jiran sa a 2061.

Batun gudu shi ne ainihin aikin, kuma nan yawancin masu zane ke tsayawa su ɗauka sun gama. Wannan t ba lokaci ba ne, kusurwa ce. In ka bar ta tana tafiya daidai wa daida, ɗigon zai wuce kusa da rana da gudun da zai wuce can nesa, abin da ya saɓa wa doka ta biyu ta masanin taurari Kepler ta 1609, wadda ta nuna gudun na ƙaruwa a kusa da rana. Duniya na cin kilomita 30.3 a daƙiƙa in tana kusa, 29.3 in ta yi nisa. Lokacin gaskiya shi ne m = t − k sin(t), kuma babu dabarar juya wannan lissafi kai tsaye, sai dai a matsa kusa da amsar sannu sannu. Ka yi wa m kursar daga 0 zuwa 2π, ka rubuta u = m + k sin(m), v = m + k sin(u), w = m + k sin(v), sai ɗigonka ya zama (a(cos(w) − k), b sin(w)). Gwada da k = 0.5, za ka ga yana fizgewa a kusa da rana da gudu ninki uku na gudunsa a nesa. Ga duniya, u kaɗai ya wadatar. Ga Halley kuwa matakai uku sun yi kaɗan ƙwarai.

Tambaya: Ni malama ce, ajinmu babu intanet. Yara kuma sun tsare ni: in duniya ta fi kusa da rana a Janairu, me ya sa muke ɗari?

Amsa: Malama, GeoGebra da takwararta Desmos duka suna aiki ba intanet da zarar an sauke su. Yaranki kuma gaskiyarsu: farkon Janairu nisan kilomita miliyan 147.1 ne, farkon Yuli miliyan 152.1. Amma karkatar duniya ta digiri 23.4 ce ke kawo lokutan shekara. A Janairu rana ta karkata kudu, haskenta na zuwa mana a kwance, ga iskar hunturu da ƙurarta daga hamada. Zanen falaki ba zai nuna musu wannan ba, sai ki haɗa da ƙwallo da tocila.