Hawan keke a hanyoyin tsakuwa na tsaunukan Alps

Ɗan'uwa, ka tambayi wace hanyar tsakuwa za ka bi da kekenka a tsaunukan Alps. Ni dai shawarata, Colle delle Finestre da ke Italiya. Daga garin Susa hawa ne na kilomita 18 da ɗoriya, 8 na ƙarshe burji ne zalla, har ka kai tsayin mita 2,178. Ka je tsakanin Yuli da Satumba, don lokacin sanyi ƙanƙara ke rufe hanyar.

Don Allah kar ka raina gangarowa. Birki kan ɗau zafi, iska ta sandarar da yatsu har riƙe kan keken ya yi wuya. Sa tayoyi masu faɗi, ka riƙe rigar sanyi. Kafin tafiya kuma, ka riƙa hawan tuddan Kagoro, ƙafa ta saba.