Taragon shanu da ɗan rakiyar da ke binsa

Ɗana, bayan gaisuwa. Saƙonka ya iso. Ka ce ka ga ana lodin shanu a tashar jirgin Ngaundere, kana so ka san me ya sa fatake ba sa sakin tarago sai da ɗan rakiya, alhali jirgi yana da ma'aikatansa, ƙofa kuma a rufe take. Har ka ce ko bin al'ada ne kawai da ɓarnar kuɗi. Al'ada ce, amma ba banza aka riƙe ta ba.

Shi tarago baƙo ne a nan Kamaru. Jamusawa ne suka fara shimfiɗa dogo daga Duwala, Faransawa suka ƙarasa shi zuwa Yawunde a 1927, ya tsaya nan shekara da shekaru. Sai 1969 ya kai Belabo, a 1974 ya iso Ngaundere, kilomita 622 daga Yawunde. Har yau nan ne ƙarshensa, Cadi ba ta da dogo, shi ya sa kayan Garwa da Marwa da Njamena suke sauka nan su hau mota. Kafin zuwansa da ƙafa ake kora shanun Adamawa zuwa kudu, mako da makonni, su ratsa dajin da tsando ya yi yawa, wasu sammore ta kama su, sauran su isa a rame. A wancan zamani falke yana damƙa wa makiyayi dukiyarsa bisa amana. Da jirgi ya zo makiyayin nan ne ya hau tarago, aikinsa ya koma hana shanu faɗuwa.

Turawa ma sai da suka sha asara suka gane. Taragan farko a Ingila, a shekarun 1830, buɗaɗɗu ne, ba rufi, ba wurin ruwa. A Amurka dabbobi suka riƙa mutuwa a hanya har aka kafa doka a 1873 cewa kada su wuce awa 28 ba a sauke su sun ci sun sha ba. A wancan zamani aka riƙa ƙera tarago mai jikin katako jere da tazara don iska ta ratsa, wasu har da komin ruwa.  Namu dai matsattsu ne, don faɗin dogonmu mita ɗaya ne cif.

To ga inda aikin yake. Saniya a tsaye take tafiya, jikin 'yar'uwarta ne madogararta. In an cika su da yawa, wadda ta zame ba ta samun wurin tashi, a tattake ta. In kuma sun yi kaɗan, duk lokacin da jirgi ya ja birki ko aka buga taragai wajen haɗa su, sai su kwasa su bugu da bango. Sa mai kilo 300 zuwa 350 yana son murabba'in mita ɗaya da ɗan ɗori. Auna daɓen ka raba: in tsawonsa mita 12 ne, faɗi biyu da rabi, kada ka wuce ashirin da biyar. Wannan lissafin gudali ne mai gajeren ƙaho. Jajayen shanun Mbororo kuwa dole a rage, ƙahonsu kaɗai ya ci wuri. A gicciye ake jera su, kan wannan wajen wutsiyar wancan, kuma ba a haɗa bijimai na garke daban-daban, faɗa za su yi. Saniya mai tsohon ciki da gurguwa ba sa hawa, ko dillali ya rantse maka lafiyarsu lau.

Daɓe shi ne abin da yara ke rainawa. Kashi da fitsari suna taruwa, ƙarfe ya yi santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Saboda haka ake shimfiɗa yashi mai kauri kafin lodi, ciyawa kaɗai ba ta riƙe kofato in ta jiƙe. Don haka ne ma ba a ƙosar da su da ɗanyar ciyawa ranar tafiya, ga zawo ga kumburin ciki. Busasshiyar harawa kaɗan, ruwa kuma su sha su ƙoshi 'yan awoyi kafin a loda, tunda babban sa yakan sha lita 30 zuwa 40 a yini. Wanda aka ɗaure, a yi masa ƙullin da ake warwarewa da ja ɗaya. In ya faɗi da mataccen ƙulli, igiyar ce za ta shaƙe shi.

Sannan hanyar dogon layi ɗaya ce. Jirgin kaya yakan tsaya a wata tasha, ko Ngaundal ko Belabo, yana jiran wani ya wuce. Da ya tsaya iska ta ɗauke, zafi da zarni su taso, nan shanu ke fara kwanciya. Ɗan rakiya ya sauko da tocila da sanda ya leƙa, ya tayar da wadda ta durƙusa, ya nemo ruwa in tsayuwar ta yi tsawo. Ma'aikacin jirgi ba zai yi maka wannan ba, kuma bai san shaidar da ke jikin shanunka ba in an haɗa na mutum uku a tarago ɗaya.

Akwai kuma wuƙa. Ba a tura yaron da bai iya yanka ba, don in dabba ta kai gargara ya yanka ta a samu nama, in ta mutu da kanta ta zama mushe, an yi asara duka. Bisa al'ada maganarsa ake karɓa, sai dai ya sa abokan tafiya su shaida, ya kawo fatar mai ɗauke da shaidar mai ita. Shi ke riƙe takardar malamin dabbobi, shi ke miƙa shanun ga maigidan da zai sauke su a Yawunde ko Duwala. Guzurinsa da kuɗin dawowarsa a kan mai shanu suke, ban da ladansa, kuma tun kafin a rufe ƙofa ake yanke ladan.

In kana da niyyar shiga harkar, fara bin tarago tare da wanda ya saba kafin ka zuba kuɗinka. Ka gaishe da mahaifiyarka.

Kawunka