Hannun mahaifiyata ya kumbura bayan aiki: me zan saya mata?

Tambaya: Shekara 2 ke nan da yi wa mahaifiyata aikin sankarar mama, aka cire mata kaluluwar hammata. Yanzu hannun wannan ɓangaren ya kumbura, yana yi mata nauyi. Likita ya ce limfedima ce. Mece ce ita? Kuma me ya kamata in saya: ƙwayar sa fitsari, safar matsi, ko injin matsa hannu da ake talla?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, 'yar'uwa. Ban da jijiyoyin jini, jiki yana da wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan da ya tsattsafo cikin nama, su bi da shi ta kaluluwa a tace, ya koma jini. In aka cire kaluluwar, ko gashin da ake yi da na'ura don kashe sankara ya lalata ta, magudana ta toshe ke nan, sai ruwa ya kwanta, hannu ya kumbura: wannan ce limfedima. Kumburin kan ɓullo bayan watanni, wani sai bayan shekaru. Tundurmi ma danginsa ne, sai dai shi tsutsar da sauro ke yaɗawa ce ke toshe hanyar.

Ƙwayar fitsari ki bar ta, sai in likita ya rubuta saboda wata lalurar. Ruwan nan cike yake da furotin. Ƙwayar ruwa kawai take ja, furotin yana nan kwance.

Ni dai safar nake ganin ta cancanci kuɗinki, amma ba ta ɗauki-saka ba ce. Ma'aikacin lafiya ne zai auna hannun, ya faɗi matsin da ya dace. Yawanci daga 20 zuwa 30 a ma'aunin matsi da ake kira mmHg ake farawa. In kumburin ya yi yawa, bandeji ake fara naɗawa har ya sauka, don safa riƙe hannu take yi kada ya sake cika. Ki tambaya ko za a haɗa da ta tafin hannu, kada ruwan ya gangaro yatsu. In da hali ki sayi biyu, ɗaya a jiki ɗaya a shanya. Bayan kamar wata 6 robar kan saki, dole a sauya. Wadda ke naɗewa daga sama tana shaƙe damtse kuwa, gara babu da ita.

Injin yana da tsada, kuma bai hana sa safar ba. Ki dakata da shi tukuna.

Ranar da hannun ya yi ja, ya ɗau zafi, ga zazzaɓi, a cire safar a kai ta asibiti a ranar.